BAYAN AN SALLAMO TSOHO DAGA ASIBITI

Darasin lafiya na wannan karo na maza ne, maza dattawa. Amma mata ma su matso kusa, don akwai rabonsu a ciki. Za mu taɓo abubuwan da ba a saba faɗinsu ba cikin taro. Ku yi haƙuri da mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga yadda abin ke faruwa. Tsoho ya daɗe shina fama da fitsari. Anka kai shi likitar gari. Daga nan anka tura shi babban asibiti, Damagaram ko Yamai. Lokotoro ya auna shi, ya ce ciwon daji ne na porostat. Anka saida sa ko raguna, anka yi mishi magani. Ranar da ya komo gida, gari duka ya zo barka. Kowa ya ce an gama, Allah shi kiyaye gaba.

To, ba a gama ba. Kwana kaɗan, tsoho ya bar zuwa masallaci. Ya bar zama gindin itace da tsaranshi. Wandonshi na jiƙewa, kuma ba ya so kowa shi sani. Lokotoron da ya yi mishi aiki shina can nesa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilometir 600, daga Damagaram ya kusa 900. Wa za shi tambaya? Wanda ke kusa da shi shi ne ma'aikacin jinya, wanda muke ce ma anfirme, da babbansu, majo. Darasinmu a kan aikinsu ne.

MI CE POROSTAT?

Porostat wani ɗan ƙululun nama ne, girmanta kamar na goro. Maza kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari kamar zobe a yatsa. Ita ke yin wani kashi na ruwan maniyyi.

In namiji ya wuce shekara 50, porostat kan ƙara girma, ta matse hanyar fitsari. Yawancin wannan kumburi ba ciwon daji ba ne, tsufa ne. Amma wani lokaci daji ne. Lokotoro kaɗai ke iya rarrabewa, bayan awo.

Ciwon ba na ƙasa guda ba ne. A shekarar 2020 an samu maza wajen miliyan 1 da dubu 400 da sunka kamu da shi a duniya. A 2024 wasu masana sunka rubuta a jaridar likitoci mai suna Lancet cewa kafin 2040 lissafin za shi kai miliyan 2 da dubu 900 kowace shekara, don mutane na ƙara tsawon rai. Kuma ya fi kama baƙar fata. A Ingila an ƙidaya: cikin maza 8, guda za shi kamu a rayuwarshi, amma cikin baƙaƙen fata, guda ne cikin 4.

Manyan hanyoyin magani 3 ne. Ko a yi aiki, wato operasiyo, a fidda porostat duka. Ko a gasa wurin da hasken wata na'ura. Can da, sai an fita waje ake samun wannan gashi, amma tun 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji da ke Yamai ta fara yin shi. Ko kuma a yi allura, ko wani ƙaramin aiki, don a yanke ma ciwon abincinshi. Kowace hanya tana barin nata sawu a jikin mutum. Wannan sawu shi ne tsoho ke komowa da shi gida.

INDA LOKOTORO YA TSAYA, NAN ANFIRME KE FARAWA

Turawa ma sun sha wannan wahala. Sun lura lokotoro mai aiki ba ya da lokacin zama da kowane maras lafiya. Shi duba takarda, shi ce jini ya yi kyau, a komo bayan wata 6. Mutum shi fita da tambayoyinshi a ciki.

Don haka a Ingila, tun 1975, wata ƙungiyar taimako mai suna Macmillan ta fara ɗaukar nauyin ma'aikatan jinya waɗanda ba su da aikin da ya wuce masu ciwon daji. Yau a can, wanda anka samu da ciwon ana haɗa shi da anfirme guda, a ba shi sunanshi da lambar talho. Daga baya masana na garin Sawzamton sunka gwada wata dabara a asibitoci 4. Bayan an gama magani, ana tara mazan a ɗaki guda, a yi musu darasi na awa 4. A koya musu abin da za su gani a jikinsu, da abin da za su yi da kansu, da alamun da in sun gani sai su kira nan take. Daga nan kowa shi koma gida. Anfirme na bin awon jininshi daga nesa, ba a kiran shi asibiti sai in akwai dalili. A 2019 anka fidda sakamako: waɗanda anka bi ta wannan hanya ba su kasa waɗanda ke zarya asibiti ba a wajen lafiya.

Ostiraliya ma ta fi kama da mu, don ƙasa ce mai faɗi, manomanta da makiyayanta suna nesa da birni. A 2012 wata ƙungiyar can ta fara sa ma'aikatan jinya na musamman don ciwon porostat kaɗai. Sun fara ƴan kaɗan, daga baya sunka haura 100. A 2021 sunka buɗe layin talho, mutum shina gonarshi shi kira anfirme shi yi tambaya.

Mu, anfirme guda ke ganin mai masassara, da mai ciki, da yaron da za a yi ma rigakafi, da wanda maciji ya sara. Aiki ya yi mishi yawa, kowa ya sani. Amma ku duba da kyau abin da waɗancan ke yi. Mafi yawanshi ba ya bukatar na'ura. Tambaya ce, da saurare, da koyarwa, da tuna ma mutum ranar awo. Wannan anfirmenmu na iya yi, in tsoho ya zo ya buɗe baki. Shawara guda: kada a zo ranar kasuwa, ko da sassafe lokacin da layi ya yi tsawo. A zo da marece, a ce ana son magana a keɓe.

ROBAR FITSARI

Wanda anka fidda ma porostat kan fito da roba a gabanshi, wadda a likita ake ce ma sondi. Tana yin mako 1 ko 2, wani lokaci 3, sai ɗinkin ciki ya kama. Jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mara kullum, ko a zaune ko a kwance, don kada fitsari shi koma ciki. A wanke hannu da sabuni kafin a taɓa ta da bayan an taɓa. A wanke bakin wurin da ruwa mai tsabta da sabuni kowace rana. Kada a ja ta. Kada wani shi fidda ta a gida, ko wanzami ne ko ɗan uwa, don akwai ƴar ƙwallo a ciki da ke riƙe ta, jan ta da ƙarfi na yaga hanya. In awa 2 ko 3 ta wuce ba ɗigo a jaka, mara ta kumbura, a tafi likita ko da tsakar dare ne.

Mako 6 na farko ba ɗaukar buhu, ba jan guga a rijiya, ba noma, ba hawan jaki ko keke ko babur. Tafiya a ƙasa kuwa a fara ta tun kwanakin farko, kaɗan kaɗan.

YOYON FITSARI

Nan za mu daɗe, don shi ne abin da ya fi ɓoye dattijo a ɗaki.

Mun san yoyon fitsari wajen mata da sunka sha doguwar naƙuda. Mun kuma san yadda anka riƙa gudunsu, abin kunya gare mu duka. Namiji ma kan samu nashi bayan aikin porostat, sai dai dalilin daban ne. Kafin aiki, ƙofa biyu ke tsare fitsari. Aiki ya taɓa ta sama. Saura guda, ta ƙasa, ita kuma ba ta saba aiki ita kaɗai ba. Shi ya sa da an fidda roba, in tsoho ya yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ya tashi tsaye, sai fitsari shi ɗigo. Wannan ba alama ce ta cewa aiki ya ɓaci ba. Mafi yawan maza suna samun sauƙi tsakanin wata 3 da shekara guda.

Ana iya gaggauta sauƙin da motsa wani nama. Wani likitan Amerika mai suna Kegel ya bayyana dabarar a 1948, don mata masu haihuwa. Daga baya anka ga tana yi ma maza amfani.

Naman shina ƙasan ciki, tsakanin gaba da dubura. Ƙaƙa za ka gane shi? Ka tuna ranar da iska ta matse ka cikin taron suna, ka riƙe ta don kada a ji. Naman da ka matse ran nan, shi ne. Ga yadda ake yi:

Ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwa. Ka matse naman, ka ja shi sama, kamar mai tsaida fitsari da iska tare. Ka ƙidaya daga 1 zuwa 5. Ka saki sarai, ka sake ƙidaya 5. Ka yi haka sau 10. Kada ka riƙe numfashi. Kada ka matse ciki ko cinya ko ɗuwawu, naman nan kaɗai. In ka saba, ka kai ƙidayar 10, ka yi a zaune, ka yi a tsaye.

Sau 3 a yini ya isa. Don kada a manta, a ɗaura shi ga lokacin salla: bayan asuba, bayan azahar, bayan lisha. Ba wanda za shi san kana yi, ko a tabarmar hira kake. Kafin ka yi tari, ko ka tashi, ko ka ɗauki abu, ka riga matsewa. Ba a yin shi da roba a jiki, sai an fidda ta. Kuma ba a maida shi al'ada lokacin da ake cikin yin fitsari.

Wasu su yi mako 2, su ce ba ya aiki, su bari. Nama ne, kamar damtsen mai noma, ba ya ƙarfi a kwana 10. Sai an yi makonni kafin a ga canji. A nan anfirme ke da amfani ƙwarai. Shi ne za shi duba ko naman da ya kamata kake matsewa, don da yawa ciki suke matsewa ba su sani ba. Shi ne kuma za shi tambaye ka kowane zuwa: tsumma nawa ka jiƙa jiya? Wancan wata 6 ne, yanzu 3. Kai ba ka lura ba, shi ya rubuta.

Akwai kuskure 2 da dattawa ke yi. Na farko, su bar shan ruwa don kada su jiƙe. Fitsari shi yi kauri, shi yi ja, shi yi wari, shi ƙara tsokanar mafitsara. A ƙasarmu mai zafi wannan haɗari ne ga ƙoda. A sha ruwa sosai da rana, wajen lita 2, a rage in dare ya yi. Abin da za a rage shi ne shayi mai kauri, da kafe, da goro, don su ke zuga mafitsara. Mun san raba tsoho da goro ba wasa ba ne. Ko rabi ya rage, za shi ga bambanci. Kuskure na biyu ya fi muni: ɗaure gaba da zare ko roba. Wannan na tsaida jini, shina iya kashe naman. Kada a yi shi ko sau ɗaya.

Abin da ya dace shi ne tsumman auduga mai tsabta, a ninka a sa cikin wando. A samu da yawa, a riƙa canzawa, a wanke da sabuni, a shanya a rana. A wanke fata, a tsane ta, a shafa man kaɗe don kada ta saɓule. A ci ganye da wake da kuɓewa don ciki shi saki, saboda yunƙuri a bayan gida na ƙara yoyo.

Sai zancen salla. Dattawa da yawa na barin jam'i don suna ganin alwalarsu ba ta tsayawa. Malamanmu sun san hukuncin mai yoyon fitsari tun da daɗewa, kuma akwai sauƙi a cikinshi. A tafi wajen liman a keɓe a tambaya. Haka zancen azumi ga wanda bai daɗe da aiki ba: a ji ta bakin lokotoro, a ji ta bakin malam.

In shekara ta cika yoyo bai ragu ba, anfirme shi rubuta takarda a koma wajen lokotoro. Akwai sauran dabaru a can.

ZANCEN ƊAKI

Wannan ba wanda ke fara faɗin shi. Don haka anfirme na kirki ba ya jira. Bayan ya tambayi fitsari da barci, sai shi rage murya shi ce: "Baba, ƙaƙa wajen iyali?" In anfirmen mace ce, sa'ar ɗiyarka, kuma bakinka ya yi nauyi, ka ce a haɗa ka da namiji ko da majo. Ba laifi ba ne.

Ga gaskiyar abin. Jijiyoyin da ke tada namiji suna manne da porostat, dama da hagu, sirara kamar zare. Aiki na taɓa su, gashi ma haka. Bayan aiki, kusan kowa na rasa ƙarfi da farko. Wasu shina komo musu sannu sannu, har shekara 2 ana jira. Wasu ba ya komowa kamar da. Ya danganta da shekarun mutum, da yadda shike kafin aiki, da inda ciwon ya kai. Wanda anka fidda ma porostat kuma ba ya sake fidda maniyyi, ba ya sake haihuwa, ko da ƙarfin ya komo. Gara a san wannan tun da wuri.

In ba a faɗi ba, ga abin da ke biyowa. Maigida shi riƙa kwana a zaure. Uwargida ta ce amarya ta yi mishi sammu. Amarya ta ce ya gaji da ita. A kwashi kuɗin da anka rage a kai ma boka, wai an ɗaure shi. Ba wanda ya ɗaure shi. Jijiya ce ta ji ciwo. Magana guda daga bakin anfirme, gaban miji da mata, tana kashe wannan wuta. Kuma mata su ji da kyau: ciwon daji ba ya yaɗuwa ta kwanciya, ko ta ƙwaryar abinci, ko ta wankin tufafi.

Akwai ƙwayoyin da ke taimakon wasu. Amma lokotoro ke rubuta su, bayan ya san zuciyar mutum. Wanda ke shan wani irin maganin ciwon ƙirji, in ya haɗa da su, jininshi na iya faɗuwa har shi mutu. Maganin ƙarfin maza da ake tallatawa a tasha da kasuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki. Wani ma shina ɗauke da abin nan da ke ciyar da ciwon, wanda za mu faɗi yanzu.

MASU ALLURA

Ciwon dajin porostat shina da abinci. Abincin wani sinadari ne da maraina ke yi, sunanshi testosteron, shi ke ba namiji gemu da murya da sha'awa. Wani likita a birnin Shikago na Amerika, Charles Huggins, ya nuna a 1941 cewa in an yanke wannan abinci ciwon na lafawa. An ba shi kyautar Nobel a 1966 saboda haka. Yau ana yanke shi da allura, kowane wata ko kowane wata 3, ko da ƙaramin aiki a maraina sau ɗaya. Wanda anka yi ma wannan aiki magani anka yi mishi. Ba abin ba'a ba ne, kuma ba zancen da za a kai bakin rijiya ba ne.

A wurinmu masu wannan magani suna da yawa, don mafi yawa ba su zuwa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Maganin na riƙe ciwon, wani lokaci shekaru, amma shina da nashi nauyi. Zafi shi taso ma mutum daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo ko cikin sanyin hunturu. Gajiya ba dalili. Tumbi shi fito, damtse shi saki, nono shi ɗan kumbura. Sha'awa ta tafi. Ƙashi shi yi rauni, ƴar faɗuwa kaɗan ta karya ƙugu. Sukari da hawan jini na iya biyowa. Wani shi riƙa fushi ko hawaye ba dalili.

Abin mamaki, maganin gajiyar nan ba kwanciya ba ce. Tafiya ce. Minti 30 kowace rana, da safe ko da marece, zuwa gona a komo. Iyali kan ce Baba ka kwanta ka huta, don tausayi. Tausayin nan na cutar shi. A bar shi shi yi ƙananan ayyuka: tufkar igiya, ban ruwan garka, duba awaki. A ba shi nono, da ganyen zogale, da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. A bar taba. Anfirme kuma shi riƙa auna mishi jini da sukari da nauyi.

Ranar allura ba a ɗaga ta don biki ko don an ji sauƙi. In ta wuce da nisa, abincin ciwon na komowa. A sayi ta gaba tun da sauran lokaci, a tambayi mai farmasi yadda ake ajiye ta, don wasu ba su son zafi.

Wanda anka gasa kuwa, kan samu yawan fitsari, ko zafinshi, ko zawo. Yawanci suna wucewa cikin makonni. Wani lokaci jini kan fito a bayan gida bayan watanni ko shekaru. Kada a ce basir ne a yi shiru, a faɗi. Hasken na'urar ba ya zama a jiki, tsoho na iya ɗaukar jikanshi ran da ya komo.

AWON JINI DA KARNE

Ƙaƙa ake sanin ciwon ya tafi ko shina komowa? Ba da jin jiki ba. Mutum na iya jin garau alhali abin ya fara motsi. Akwai awon jini da ake ce ma PSA. In an fidda porostat, bayan mako 6 zuwa 8 lambar ta kamata ta sauka kusan sifiri. In daga baya ta hau ta kai 0,2, lokotoro na so shi sani. Wanda anka gasa, tashi lambar sannu take sauka, kuma ba ta kai sifiri. Abin da ake dubawa shi ne ko ta hau da 2 bisa mafi ƙanƙantar lambar da ta taɓa kai.

Ana awon aƙalla kowane wata 6 a shekara 2 na farko, daga nan sau ɗaya a shekara, sai in lokotoro ya ce a ƙara. Ba kowace likita ke da na'urar ba. Anfirme ya san inda ake yi mafi kusa. In da hali a riƙa yi wuri guda. In an kama hawan lambar da wuri, akwai sauran magani.

A nan muke da laifi mu duka. Mu saida sa don aiki, mu yanka rago don barka, ba mu rage ko akuya guda ba don kuɗin mota da awon wata 6. Tun ranar sallama iyali su zauna su ware wannan. In kaka ta yi, a fidda nashi daban.

ABIN DA BA YA JIRAN GOBE

In ciwon ya kai ƙashin baya, shina iya danne lakar da ke ciki. Alamunshi: sabon ciwon baya mai tsanani, wanda ke ƙaruwa da dare ko a kwance. Ƙafafu su yi nauyi ko su mutu. Mutum shi kasa fitsari, ko bayan gida shi kuɓuce mishi. Wannan ba na wanzami ba ne, ba na ƙaho ko tsaga ba ne. A kwantar da shi a miƙe, a kira anfirme, a nemi mota ran nan. Kwana 1 ko 2 na jinkiri na iya raba mutum da tafiya har abada.

Haka nan fitsari da gudajin jini, ko masassara da rawar jiki, ko ƙafa guda ta kumbura tana zafi, ko numfashi shi ɗauke, ko rama ba dalili. Mai ciwon ƙashi kuma kada shi danne don jarumta. Akwai maganin zafi hawa hawa, har mai ƙarfi ƙwarai, kuma haƙƙinshi ne shi nema.

Akwai wani ciwon da ba ya fitowa a awon jini. Tsoho ya bar cin abinci, ba ya barci, ba ya son hira, shina cewa shi ya zama kaya. In haka ta wuce mako 2, a gaya ma anfirme, don wannan ma ana maganinshi. In a yankin akwai wani da ya riga shi shan wannan aiki, anfirme shi nemi yardar su biyun shi haɗa su. Abin da ba ka iya gaya ma ɗanka, kana iya gaya ma wanda ya jiƙa tsumma kamar kai.

Ƙannen tsoho da ɗiyanshi maza kuma su sani ciwon na bin jini. Wanda ubanshi ko ɗan uwanshi ya yi shi, haɗarinshi ya ninka na sauran mutane. Daga shekara 45 shi tafi shi yi magana da likita, kada shi jira fitsari shi tsaya.

AIKINKA, KAI DA KA IYA KARATU

Ka samo karne, ko kaye na ƴan lakkol. A shafin farko ka rubuta sunan maras lafiya, da irin maganin da anka yi mishi, da ranar da anka yi, da asibitin. Ƙarƙashi ka sa lambar talhon anfirme, da ta lokotoro in an ba ku, da ta mai motar da za a kira cikin dare. A shafi na biyu ka ja layi 3 daga sama zuwa ƙasa: ranar awo, lambar PSA, ranar awo mai zuwa. Shafi na uku na allura ne. Sauran shafuna na tambayoyi ne. Duk abin da Baba ya ji a jikinshi, shi faɗa maka ka rubuta, don a gaban anfirme mantuwa ake yi. Abin da ba ya iya faɗa maka, ka ce shi sa alama da hannunshi, ƴar da'ira a ƙasan shafi. Ka gaya ma anfirme ma'anarta tun zuwan farko. In ya buɗe karne ya gan ta, za shi ce maka ka jira a waje.